Baret Shidan da Anka Ce Na Sace

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani biro a Madawa, kuma in ka ɗebe wata biyu na bazarar shekara ta uku, ba ni da abin ƙorafi a kansu. Waɗannan wata biyun ne har yau in na tuna su nake jin wuyana ya ɗauki zafi.

Aikin biron shi ne rajistar gonaki da garake na ƙauyukan Madawa da Buza da Kaita. Ma'aikatanmu su shiga ƙauye, su zauna da maigari da shaidu, a auna gona, a rubuta iyakokinta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Takardun su iso Madawa cikin kwalaye, a ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya a zuba cikin na'ura, sannan a tura kwalayen Yamai ajiya. Wanda yake son shaidar gonarsa sai ya zo, a nemo sunansa, a buga masa takarda mai lamba da hatimi. Ni ne teknisiyen na gidan. A takardar ɗaukata aiki an rubuta cewa ni ke kula da na'urori, amma a zahiri aikina jan waya ne, da canja tawadar injin buga takarda, da tayar da gurup, wato janareta, in kuran, wutar lantarki, ya ɗauke.

Babbar na'urar da dukan hotunan ke ciki, wadda muke ce wa sarwar, tana wani ƙaramin ɗaki a bayan biron diraktanmu. Wani ƙwararre ne daga Yamai ya kawo ta, ya girka ta, ya sa mata manhajar rajistar da shi kansa ya rubuta tun shekarun baya. Mutum ne mai fara'a da kowa ban da ni. Ranar da ya gama girkawa na roƙe shi kalmar sirri ta babban mai iko da na'urar, ya yi murmushi ya ce wannan ba ta mutanen gida ba ce, in wani abu ya faru in kira shi. Ya ba ni wata ƙarama wadda ba ta iya komai sai kallo. Kowace safiya ni nake kunna sarwar ɗin, kowace yamma in kashe ta kafin a tashi, don ba ma barin gurup yana aiki bayan an rufe biro.

Matsalar ta fara a hankali. Sakatariyarmu, wata mace mai ƴaƴa biyar wadda ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ita ce ke zuba hotunan tana kuma buga wa mutane takardunsu. Wata rana ta kira ni ta ce allonta ya tsaya. Na je ɗakin sarwar, na iske na'urar tana kunne, fitilunta kore, fankokinta na juyawa, amma manhajar rajista ta mutu. Tun da ba ni da ikon tayar da ita ita kaɗai, sai na kashe na'urar gaba ɗaya na sake kunnawa. Aiki ya dawo, amma abin da sakatariya ta shigar tun safe rabinsa ya tafi. Bayan kwana huɗu anka sake. Bayan kwana uku anka sake.

Na kira ƙwararren. Ya ce zafi ne. Na ce ɗakin da kilim mai sanyaya shi, kuma na'urar da kanta tana nuna zafinta bai kai ko kusa da iyaka ba. Ya ce to kuran ɗinmu ne ba shi da kyau. Na ce in kuran ne ai na'urar duka za ta mutu, ba manhaja ɗaya ba. Sai ya tambaye ni wace lakwal na yi, wato inda na yi karatu. Na faɗa masa. Ya ce ya gane, zai yi magana da dirakta.

Abin da ya faɗa wa dirakta shi ne memuwar ce ta yi kaɗan. Memuwar ita ce wurin da na'ura ke shimfiɗa abin da take aiki a kansa a wannan lokacin, ba wurin ajiya na dindindin ba. Tana zuwa ne a wasu ƴan faranti dogaye masu kama da mataji, muna ce musu baret. Sarwar ɗinmu ta zo da huɗu, jiga talatin da biyu ke nan a awon girman memuwar, abin da a lokacin ban taɓa ganin irinsa a na'ura ɗaya ba. Na ce wa dirakta ni dai duk lokacin da na duba, fiye da rabin memuwar ɗin a banza take, babu abin da ke cikinta. Ya ce shi ba fanninsa ba ne, amma wanda ya gina abu ya fi sanin ciwonsa. Bayan sati biyu ƙwararren ya zo da wasu baret huɗu, ya soka su, ya ci abincin rana da dirakta, ya kama hanyar Yamai kafin la'asar. Na'ura ta koma jiga sittin da huɗu.

Washegari manhajar ta mutu sau uku kafin azahar.

A wannan satin ne wani dattijo ya zo daga Ibohaman. Siriri ne, dogo, da rawani wanda ya sha wanki har ya koɗe, ya riƙo wata ƴar takarda mai lamba cikin leda. Ya zauna kan benci a baranda tare da sauran masu jira, mutanen Tama da na Babankatami da ban san ko ina ba. Da rana ta take sauran sunka watse neman inuwa da abinci, shi bai motsa ba. Na kawo masa ruwa, munka gaisa, ya ba ni labarinsa ba tare da na tambaya ba. Kakanninsa ba su da ƙasa, a ƙarƙashin makiyayan arewa sunka zauna, suna noma abin da ba nasu ba. Shi da matarsa sunka samu wani fako a gefen tudu wanda ko akuya ba ta tsayawa a kai, sunka yi shekaru suna kwashe duwatsu suna jera su layi-layi don su tare ruwa, har wurin ya fara ba da hatsi. Da ma'aikatanmu sunka je ƙauyensu, an auna, maigari da shaidu sun sa hannu cewa tasa ce. Yanzu wani ya taso ya ce gonar ta gidansu ce tun asali. An sa ranar zama gaban hakimi, an ce ya kawo takardar biro.

Sakatariya ta nemo lambarsa har sau biyu a ranar. Na farko manhajar ta mutu tana cikin nema. Na biyu hoton ya fito a allo, ta ga sunansa da yatsun shaidu, ta danna bugawa, sai komai ya tsaya. Kowace sake kunnawa tana cin kusan minti ashirin, don na'urar sai ta ƙirga memuwar ɗinta kaf kafin ta tashi, bayan haka manhajar ta tsaya gyaran abin da ya lalace. Dattijon ya kwana gidan wani ɗan garinsu, ya dawo da safe. Ranar ma ba ta yiwu ba. Da zai tafi ya tsaya bakin ƙofar ɗakin sarwar, ya leƙa, ya ce:

"Ɗana, takardar tawa tana cikin wanga abu?"

Na ce tana ciki, Baba.

"To mi ya hana a buɗe shi a hiddo ta?"

Na ce ya yi haƙuri ya dawo wani sati. Ya ce zaman jibi ne. Ya gyara rawaninsa ya tafi tasha.

Daga ranar na daina kiran Yamai. Ƙaramar kalmar sirrin da anka ba ni ba ta gyara komai, amma tana barina in karanta jurnal, wato rubutun da na'ura ke yi wa kanta na duk abin da ya same ta. Na kwashe shi a kile, ɗan abin kwafar bayanai, na kai kan tawa na'urar, na zauna da shi kwana uku, tsakanin kunna sarwar da kashe ta. Turancina na karatu ne kawai, sai na riƙa ɗaukar layi ɗaya-ɗaya ina nema a salula, a bakin tagar da rezo, wato layin sadarwa, ke ɗan kamawa.

A cikin kowace na'ura akwai wani ɓangare na sistem da ake ce wa noyo. Shi ne ke raba wa kowace manhaja memuwar, shi ke karɓewa, kuma in ya ga wuri ya ƙare masa yana da ikon ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe ta don kada komai ya rushe. Jurnal ɗin ya nuna ƙarara cewa manhajar rajista ba mutuwa take yi da kanta ba. Noyo ne ke kashe ta, kowane karo, yana rubuta cewa memuwar ta ƙare. A ƙasan wannan layin kuma sai ga lissafin abin da ya rage, an raba shi gida-gida. Gidan sama, babba, yana da jiga fiye da hamsin a banza. Gidan ƙasa kuwa, ƙarami, abin da ya rage cikinsa bai kai girman hoton takarda ɗaya ba.

Nan na tsaya na daɗe. Na duba wane irin noyo ne a na'urar, sai na ga tsohon samfuri ne, na bit talatin da biyu, irin wanda anka yi don ƙananan na'urori na da. Ƙwararren ya kwafo tsohon sistem ɗinsa ne dungurungum ya ɗora a sabuwar na'ura, don a kansa ya rubuta manhajarsa kuma bai so ya taɓa komai. Irin wannan noyo, ko nawa ka ba shi, wurin da yake iya yin nasa aikin bai kai jiga ɗaya ba. A cikin wannan ɗan wurin ne dole ya ajiye bayanin kowane yanki na memuwar ɗin da ke cikin na'ura, da bayanin kowane hoto da anka buɗe. Da jiga talatin da biyu, bayanin memuwar kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin, hotunanmu dubbai suna cika sauran a duk ranar da aiki ya yi yawa. Da anka ninka memuwar, bayaninta ya cinye fiye da rabi, sauran ya riƙa cika cikin awa biyu. Baret huɗun da anka kawo a matsayin magani su ne sunka ƙarasa mu.

Na rubuta wannan a shafi ɗaya da Faransanci mai sauƙi, na haɗa da layukan jurnal ɗin, na kai wa dirakta. Ya karanta layin farko da na ƙarshe, ya ce in tura wa ƙwararren. Na tura. Kwana biyu babu amsa. Na kira, ya ce yana reniyo, wato taro. Na sake kira, bai ɗauka ba. A baranda kuwa mutane na ƙaruwa, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas kuma kowa na son takardarsa kafin shuka.

Akwai abu ɗaya da zan iya yi ba tare da kalmar sirri ba. Lokacin da na'ura ke tashi, akwai ƴan daƙiƙu da take tsayawa, wanda ke tsaye gabanta yana iya ƙara wa noyo umarni. Na karanta cewa ana iya ce masa ya yi aiki da wani adadi na memuwar kawai, ya yi kamar sauran ba ta nan. Ba a cire komai, ba a goge komai, kuma da an kashe na'ura umarnin ya tafi, sai an sake rubuta shi. Na gaya wa sakatariya abin da zan yi. Ta ce ita dai in zai bar ta ta buga takardu, in yi, in an tambaya ta ce tana wurin. Na shiga biron dirakta na gaya masa shi ma. Yana waya, ya ɗaga mini hannu alamar in je in yi abin da zan yi.

Da safe na kunna sarwar, na tare ta, na rubuta mata jiga goma sha shida. Ta tashi. Ranar ba ta kashe komai ba. Washegari ma haka. Sakatariya ta buga takardu har tawada ta ƙare na canja, bencin baranda ya zama babu kowa kafin la'asar. Kwana tara muna haka, kowace safiya ina rubuta layin nan da hannuna. Takardar dattijon Ibohaman ita ce ta farko da munka buga, na sa ta a ambulan na ajiye a aljihun teburina, don ba shi da salula kuma ban san wanda zan ba ya kai ba.

A rana ta goma dirakta ya aiko a kira ni. Na iske ya rufe tagogi, abin da ba ya yi. Bai ce in zauna ba. Ya ce ƙwararren ya leƙa na'urar daga Yamai ya ga jiga goma sha shida kawai take nunawa, alhali shi da hannunsa ya bar sittin da huɗu. Ƙwararren ya rubuta wa shugabanninmu na can cewa baret shida sun ɓace, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin ɗakin. Ya juyo mini da allonsa in karanta. Ba a rubuta sunana ba, an rubuta "teknisiyen na gida". An kuma ƙara da cewa wataƙila tun farko taɓe-taɓen da ake yi wa na'urar ne ya jawo matsalar.

Na ce, "Dirakta, ai na shigo nan na gaya maka abin da zan yi."

Ya ce bai tuna ba. Ya ce ko da na faɗa, bai fahimci cewa zan rage wani abu ba. Na ce ban rage komai ba, mu je yanzu in buɗe na'urar ya ƙirga da idonsa, ko in sake kunna ta ba tare da layin ba ya ga sittin da huɗu sun dawo. Ya ce a'a, an ba da umarni kada kowa ya taɓa ta sai ƙwararren ya iso, kuma in ba shi makullin. Na ciro shi daga zoben makullaina a gabansa. Zoben ya ƙi buɗuwa, na karya farce kafin ya fita.

Kwana shida ƙwararren bai zo ba. Kwana shida sarwar tana kashe, ɗakin yana kulle, mutane na zuwa ana ce musu na'ura ta lalace. Ni kuma ina zuwa biro kowace safiya in zauna, don in ban zo ba za a ce na gudu. Madawa ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Mai gadin ƙofa, wanda kullum muke shan shayi tare, ya fara amsa gaisuwata yana kallon wani wuri. Direbanmu ya tambaye ni cikin raha ko nawa ake sayen irin waɗannan abubuwa a Konni. Matata ta dawo daga gidan suna ta shiga ɗaki, sai daga baya ta faɗa mini cewa wata ta yi mata jaje. Babana yana Buza, tsoho ne mai ciwon ƙafa, ya sa anka kira ni a salula, ya ce ya ji wata magana, in gaya masa gaskiya ko mene ne. Na ce ƙarya ce. Ya ce ya sani, amma yana son ya ji daga bakina. Wannan kiran ya fi komai ƙona mini rai. Mutumin da bai taɓa ɗaga jurnal ya karanta layi ɗaya ba ya sa tsohona yana tambayata ko ni ɓarawo ne.

Sakatariya ce kaɗai ba ta canja ba. Ta shiga wurin dirakta ta gaya masa tana tsaye lokacin da na yi abin da na yi, ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya ce mata ita ma ba fanninta ba ne. Ta fito ta zauna kusa da ni a baranda tana tsinke zogale cikin tire, ta ce tun da an hana ta aikin biro bari ta yi na gida.

A rana ta huɗu ruwan farko ya sauka, mai yawa, irin wanda ake shuka da shi.

Ƙwararren ya iso ranar Talata da hantsi, tare da wani jami'i daga babban biro mai riƙe da kundi. Anka tara mu a ƙofar ɗakin: dirakta, da sakatariya, da mai gadi, da ni. Ƙwararren bai dube ni ba. Ya jawo na'urar, ya ɗaga murfin. Baret takwas suna jere a ramukansu, huɗu na farko da huɗun da ya kawo, da ƴar takardar da ya manna wa kowace da rubutun hannunsa. Jami'in ya ƙirga da bakin alƙalami, ya sake ƙirgawa. Ƙwararren ya ce wataƙila an mayar da su ne. Jami'in ya tambayi wa ke riƙe da makulli kwana shidan nan, dirakta ya ce shi da kansa ne.

Na ce a kunna ta. Anka kunna, ban taɓa komai ba, ta nuna sittin da huɗu. Na ce wa sakatariya ta je ta fara zuba hotuna kamar kullum. Munka tsaya a wannan ɗan ɗakin, kilim na busa mana, babu mai kallon wani. Ba a yi awa biyu ba ta leƙo ta ce allon ya tsaya. Na buɗe jurnal a gabansu, na sa yatsa a kan layin da noyo ya kashe manhajar, na sa a kan gidan sama mai jiga hamsin a banza, na sa a kan gidan ƙasa da babu komai. Na kashe na'urar, na kunna, na rubuta layina, ta nuna goma sha shida. Na juya wurin ƙwararren.

"Ga baret shidan da na sace. Ka duba ko suna cikin aljihuna."

Ya ce ba a yin magana haka, shi bai ambaci sunan kowa ba, rashin fahimta ne kawai. Ya ce dama yana da niyyar sabunta noyon, lokaci ne bai samu ba. Na tambaye shi ko ya karanta shafin da na tura masa sati uku da sunka wuce. Ya ce saƙonni suna yi masa yawa. Ina jin muryata tana hawa, ina jin sakatariya tana taɓa hannun rigata, amma ban tsaya ba. Na ce masa akwai mutanen da sunka zo daga bayan Kaita sunka kwana a garin nan sunka koma hannu banza saboda bai iya ɗaukar waya ba. Dirakta ya ce ya isa. Jami'in yana ta rubutu a kundinsa, bai ɗaga kai ba.

Gyaran na gaskiya bai ɗauki rabin yini ba. Noyo na bit sittin da huɗu ba shi da wannan ƙaramin gidan, yana iya aiki da memuwar duka, kuma yana iya ɗaukar tsohuwar manhajar yadda take ba tare da an sake rubuta ta ba. Jami'in ne ya ce a ba ni kalmar sirrin. Ƙwararren ya rubuta ta a ƴar takarda ya ajiye kan tebur, bai miƙo mini ba. Na kwafe komai a wani diski tukuna, sannan na sa sabon noyon, yana tsaye bayana yana gaya mini abubuwan da na riga na yi. Na'ura ta tashi da sittin da huɗu. Har na bar biron ba ta sake kashe komai ba.

Ranar Asabar na ɗauki ambulan ɗin na hau moto, wato babur ɗina, na tafi Ibohaman. Hanyar ta ci ruwa, sau biyu ina sauka ina turawa a ƙorama. Ko'ina hatsi ya tsiro, layi-layi, kore a kan jar ƙasa. Na tambayi gidan dattijon anka nuna mini, anka ce yana gona. Na iske shi zaune kan ɗaya daga cikin layukan duwatsun nan, gonar kuwa babu ko tsiro ɗaya sai ciyawa. Ranar zaman, da bai kawo takarda ba, hakimi ya ce kada kowa ya shuka wurin sai ta zo. Ya karɓi ambulan ɗin da hannu biyu, ya buɗe, ya juya takardar, ya ba ni in karanta masa. Na karanta, da sunayen shaidu da iyakoki. Ya ce haka ne, babu kuskure. Ya yi mini godiya mai tsawo wadda na so ƙasa ta buɗe in shige. Matarsa ta zo da fura a ƙwarya, ƴar gajeruwa mai tauri, ta ji abin da ya kawo ni. Ba ta yi godiya ba. Ta tambaye ni yaushe takardar ta fito. Na faɗa mata gaskiya, cewa ta yi fiye da sati biyu a aljihun teburina.

"Kuma kana da wanga babur tun lokacin?"

Na ce ina da shi. Ta ajiye ƙwaryar ta koma gida. Daga baya na ji hakimi ya tabbatar musu da gonar, sun shuka wake a makare, sun sami abin da sunka samu.

Rapor ɗin, wato rahoton abin da ya faru, ya zo daga Yamai bayan wata guda, shafi huɗu. An rubuta cewa an sami tangarɗa a sarwar saboda rashin jituwa tsakanin sistem da girman memuwar, cewa ƙwararren ya gano ta ya kuma warware ta a ziyararsa, tare da taimakon ma'aikatan gida. Babu maganar baret, babu maganar makulli, babu maganar kwana shida. A ƙarshe an ba da shawarar a ƙara wa teknisiyen na gida horo, kuma kada ya riƙa ɗaukar mataki ba tare da izini a rubuce ba. Akwai wurin sa hannu uku, na ukun nawa ne.

Na mayar wa dirakta na ce ba zan sa ba sai an rubuta cewa an zarge ni kuma an iske ƙarya ne. Ya ce in zauna. Wannan karon ya ba ni kujera, ya sa anka kawo shayi. Ya ce babu inda anka rubuta zargin da sunana, don haka babu abin da za a janye. Ya ce kwantaragin kowa a gidan nan daga Yamai ake sabunta shi, har nasa, kuma ƙwararren yana cin abinci da waɗanda ke sabuntawa. Ya ce ni yaro ne mai ƙoƙari, kada in ɓata gabana saboda shafi huɗu da babu mai karantawa. Na ce zan yi tunani.

Kwana biyu takardar na kan teburina. A rana ta uku, bayan azahar, na sa hannu, na kai masa, na koma na canja wa injin buga takarda tawada, don tun safe yake fitar da layi fari a tsakiyar shafi.